Me Ya Sa Mai Shayi Ya Karɓi Tiransifa, Alhaji Kuma Ya Ƙi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Mahaifina yana sana'ar hatsi a Dawanau sama da shekara talatin, kuma har gobe in ba tsabar kuɗi ya gani ba, ba ya sakin kaya, sai dai yaron shagonsa ya karɓa a asusunsa ya ciro masa. Amma mai shayin bakin layinmu, wanda ko firamare bai gama ba, ya manna lambar asusu a jikin teburinsa. Me ke sa wani ya rungumi waɗannan hanyoyin kuɗi na zamani, wani kuma ya ƙi? Rashin wayewa ne?

Amsa:

Ƙanena, fara ajiye maganar rashin wayewa a gefe tukuna. Mutumin da ya shekara talatin yana juya miliyoyi a Dawanau, yana ba da kaya bashi har Legas da Maraɗi ba tare da takarda ba kuma kuɗinsa na dawowa, ya fi ni da kai sanin kuɗi. Na yi shekaru ina aikin shigar da wakilan POS (masu ƙaramar na'urar cire kuɗi da tura su da kati) da 'yan kasuwa cikin tsarin biyan kuɗi ta waya a kasuwannin Kano da Jigawa da Katsina, kuma abin da aikin ya koya mini da wuri shi ne, mafi yawan waɗanda suka ƙi sun yi lissafinsu ne kafin su ƙi. Lissafin na iya zama tsoho, yana iya zama ya wuce yayi, amma lissafi ne.

Duba mutanen biyu da ka kawo. Mai shayi cinikinsa na ɗari biyar ne, dubu ɗaya, dubu biyu in an haɗa da ƙwai da indomi. Babban ciwon kansa canji, sai kuma samarin da za su ci su ce "ba kuɗi a hannuna, gobe na kawo". Lambar asusun nan da ya manna ta kashe masa tsuntsu biyu: ba neman canji, ba kuma uzurin gobe. In har tiransifa ɗaya ta maƙale, asarar dubu ɗaya ce, kuma wanda ya tura ɗin ɗan layin ne, gobe ma zai zo. Alhaji mahaifinka kuwa ciniki ɗaya na iya kai miliyan goma, ribarsa a buhu 'yar kaɗan ce, mai sayen kuma wataƙila baƙo ne da motarsa ke jiran lodi. Sannan ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda yawancin masu ƙera manhaja ba sa tambaya: in kuɗin ya shigo, ina zai tafi? Na Alhaji ƙauye zai koma. Ranar kasuwa yaransa za su tafi saro masara da dawa da riɗi daga hannun manomin da ba shi da asusu, ko yana da shi amma garinsu sai an hau tudu ake samun sabis. Kuɗin da ke cikin waya bai amfane shi a can ba sai ya zama takarda, mayar da shi takarda kuma kuɗi ne da lokaci. Mai shayi kuwa wanda yake saro wa burodi da madara a cikin gari shi ma yana karɓar tiransifa. Don haka yardar mutum ɗaya tana rataye ne da yardar waɗanda yake hulɗa da su gaba da baya.

Tunda kai ɗalibi ne, za ka haɗu da sunan Fred Davis, Ba'amurken da ya fitar da wani ma'auni a 1989 yana cewa abu biyu ne ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga tana da amfani, ya kuma ga tana da sauƙin sarrafawa. Maganarsa daidai ce, amma a kan ma'aikatan ofis da kwamfuta ya gina ta. In aka zo batun kuɗi, dole a ƙara na uku, wanda a ganina ya rinjayi biyun: idan abu ya lalace, rigar wa zan riƙe?

Bari na fara da amfanin. A 2007 kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a Kenya, kuma bai tsaya yi wa mutane dogon bayani kan tsarin kuɗi na zamani ba. Abu ɗaya ya ce musu: tura kuɗi gida. Ma'aikaci a Nairobi da ya saba ba direban mota ko wani ɗan garinsu saƙo ya kai wa tsohuwarsa, wani lokaci saƙon ya isa, wani lokaci ya yi ƙafa, shi ne ya fara fahimta. Ciwon yana nan tun da, magani kawai aka kawo. Najeriya ta daɗe ba ta samu irin wannan ba, kuma laifin ba na jama'a ba ne. Babban Bankin ƙasa ya ƙi barin kamfanonin waya su jagoranci harkar, alhali su ne ke da masu sayar da kati a kowane lungu. Sai a 2018 aka fitar da ƙa'idar da ta buɗe musu ƙofa, MoMo na MTN da SmartCash na Airtel kuma sai a 2022 suka fara aiki a matsayin bankunan biyan kuɗi. Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi da aka fara gwadawa a Legas a 2012, aka kawo Kano a 2013, ya daɗe yana yawo a takarda da tallan rediyo, kasuwa kuwa tana harkarta yadda ta saba.

Kwatanta wannan da eNaira, wato nairar da ba ta da takarda, sai a cikin waya. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita ranar 25 ga Oktoba 2021, aka yi ta alfahari cewa ita ce irinta ta farko a Afirka. Gwamnati ce a bayanta, Babban Banki ne ya yi ta, an kashe kuɗin talla. Amma je ka Kantin Kwari ko Singa ka nemi mai karɓarta. Ba ta warware wa kowa komai ba. Mai asusun banki ya riga yana tura kuɗi nan take tun da aka kafa tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna a 2011, marar asusu kuma ba ta zo masa ƙofar gida ba.

Abin da talla ya kasa yi cikin shekara goma, wahala ta yi shi cikin wata biyu. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar da sauya fasalin takardun ₦200 da ₦500 da ₦1000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, aka kuma taƙaita abin da mutum zai iya cira a mako. Tsofaffin kuɗi aka kwashe, sababbin ba su wadata ba. Kai ma ka gani da idonka: mutane na kwana a layin ATM, ana sayen naira da naira, manomi na karyar da kaya ga duk mai tsaba a hannu. Har sai da gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonnin ne mai kayan miya da ɗan sahu da mai nama suka buɗe asusu, domin dole ƙanwar na-ƙi ce. Abin lura shi ne wanda ya ci ribar. Manhajojin manyan bankuna da dama sun durƙushe saboda cunkoso, a manhajojin sababbin kamfanonin kuɗi su OPay da PalmPay da Moniepoint kuwa kuɗi na shiga nan da nan. Mutane suka riƙe wannan a ransu. Da takardun kuɗi suka dawo, wasu sun koma gidan jiya, amma da yawa sun zauna, saboda sun ɗanɗana sun ji babu ɗaci. Tilas na iya shigar da mutum ɗaki, amma abin da ya tarar a ciki ne ke hana shi fita.

Akwai wasu abubuwa biyu masu ingiza mutane da ke aiki a hankali ba tare da kowa ya yi musu talla ba. Na farko, faɗuwar darajar naira. Takarda mafi girma har yanzu ita ce ₦1000 da aka fitar tun 2005. A lokacin bandir ɗaya dukiya ce. Yau wanda zai sayi shanu biyar a Maigatari ko Potiskum da tsaba sai ya ɗauki jaka, ya zauna ƙirga, ya kuma yi addu'ar kada a cusa masa jabu. Na biyu, hanya. Falken da ke bin hanyoyin Zamfara ko Birnin Gwari ya san abin da ake nufi da a tare mota a same ka da kuɗi. Na ga dillalan dabbobi da ba wanda ya isa ya sa su buɗe asusu, tsoron hanya ya sa su.

Yanzu maganar amana, wadda nan ne zan daɗe. Kasuwancinmu tun asali a kan fuska aka gina shi. Baƙo ya sauka wajen fatomansa, fatoma ya tsaya masa. Dillali ya haɗa ciniki, ya ci la'ada, in rigima ta tashi shi ake nema. Uwar adashi kowa ya san gidanta da mijinta da 'ya'yanta. 'Yan canjin Wapa sun daɗe suna karɓar kuɗi a Kano a biya mutum a wata ƙasa da kiran waya ɗaya, tun kafin a san manhaja. Wato tura kuɗin da ba ka gani ba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baƙon abu shi ne tura shi ta hannun wanda ba ka san inda za ka same shi ba.

Na taɓa tsayawa a wata kasuwar ƙauye ina yi wa 'yan kasuwa bayanin na'urarmu, sai wani dattijo ya miƙo katinsa a gwada. Aka cire masa dubu ashirin, na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020, irin wannan matsala ta POS ya kamata a warware ta cikin awa 72. Na faɗa masa haka. Ya dube ni ya ce, to kuɗin motar zuwa bankin a birni, da ranar da zai rasa a kan layi, wa zai biya? Kuɗin sun dawo bayan mako biyu da 'yan kwanaki, amma kafin nan labarin ya zaga kasuwar da ƙauyuka uku. A garin ban ƙara shigar da mutum ko ɗaya ba sai bayan wata shida. Mutum dubu za su tura kuɗi lafiya ba wanda zai ba da labari, amma "an cire ba a tura ba" guda ɗaya ta isa hirar majalisa ta mako.

Wannan ne sirrin 'yan POS. Yaron da ke ƙarƙashin lema a bakin kasuwa yana cajin abin da ya ninka na banki, amma mutane na tururuwa wurinsa, har da masu katin da za su iya zuwa ATM. Ɗan unguwa ne, an san ubansa, in kuɗi ya maƙale shi zai yi ta kiran kamfani, wani lokaci ma ya ba ka daga aljihunsa kafin a dawo da su. Ya zama fatoman zamani. Tsallaka Nijar ka ga irin haka ta wata fuskar: mutane sun fi sakin jiki da ofisoshin aika kuɗi irin su NITA da Al Izza, inda za ka miƙa sefa ga mutum a bayan kanta a Damagaram, ɗan'uwanka ya karɓa daga hannun mutum a Agadas. Fasahar na nan a tsakiya, amma bakin hanya biyun fuskoki ne.

Ga kuma tabon da 'yan damfara suka bari. Tsarin zuba kuɗi na bogi mai suna MMM ya rufe a Disambar 2016 da kuɗin jama'a masu ɗimbin yawa, CBEX ta maimaita a 2025, a tsakaninsu kuma ƙananan irinsu ba sa ƙirguwa. Ƙara da alat na bogi, da masu kira su ce daga banki suke a ba su lambar sirri, da masu sace waya su kwashe asusu ta layin. Kai ka san bambancin kamfani mai lasisi da shafin 'yan damfara. A idon Alhaji duka "kuɗin waya" ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin takaici, kariyar da ke akwai ba a faɗa wa mutane ita. Hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya ta ɗaga abin da take biya a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar, ta wannan hanya aka fara biyan masu ajiya. Ga mai shayi wannan kariya ta rufe duk abin da ya mallaka har da rara. Ga Alhaji kuwa miliyan 5 ko rabin tirela ba ta kai ba. Ka ga ko a nan ma lissafinsu ya bambanta, kuma kowa da gaskiyarsa.

Gwamnati ita ma tana taɓa amanar nan, da saninta ko babu. A Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na wasu makonni. Kuɗin kowa bai salwanta ba, amma jita-jita ta riga gaskiya isa kasuwa, na ga mutane suna rige-rigen kwashe abin da ke asusunsu. A Satumbar 2021 aka rufe sabis ɗin waya a Zamfara gaba ɗaya, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk wanda dukiyarsa ke cikin waya a lokacin ya koyi darasin da ba zai manta ba. In irin wannan mutumin ya ce maka shi dai a ba shi a hannu, kada ka yi masa wa'azi.

Maganar caji gajera ce amma tana da nauyi. A 2025, tura kuɗi tsakanin bankuna ₦10 ne zuwa ₦50 gwargwadon yawansu, ga ₦50 ta gwamnati a kan abin da ya kai dubu goma, ga ₦6.98 ta amfani da lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, ga kuɗin saƙon alat, ga na kula da kati. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne su ga an zare ba su san dalili ba. Ɗan kasuwa zai ba dillali la'adar dubu biyar da murmushi saboda an yi magana tun farko, amma ₦50 da aka cire masa cikin dare sai ya kira ta sata. Ghana ta gwada ta gani. A 2022 ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya, a ƙasar da MoMo ya shiga ko'ina har zangonnin Kumasi da Nima. Mutane suka ja baya, kuɗin da aka yi hasashen tarawa bai taru ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. A nan gida ma harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya da aka sanar a Mayun 2024 bai kai ko'ina ba aka dakatar da shi saboda ƙorafi.

Sai addini, wanda masu bincike daga waje ko dai su manta da shi ko su zuzuta shi fiye da kima. Ban taɓa haɗuwa da malamin da ya haramta tura kuɗi ta waya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin ruwa. Wasu manhajojin na zuba wa mai ajiya 'yan kuɗi kullum a matsayin riba, suna ganin kwaɗaitarwa ce, alhali ga mutum irin mahaifinka wannan kaɗai ya isa ya sa ya ƙaurace, don kada haram ta cakuɗu da jarinsa. Shi ya sa zuwan bankin Jaiz a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, ya shigo da mutanen da a da ko ƙofar banki ba sa bi. Manhajojin ba da bashi kuwa sun yi mummunar ɓarna ga sunan harkar baki ɗaya: ruwa mai yawa, sannan in ka makara su aika wa duk lambobin da ke wayarka, har surukanka, cewa kai ɓarawo ne. A ƙasar da mutunci ya fi jari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata tambaya da dattawa ke yi mini a keɓe, ba sa yin ta a taro: in na mutu fa? Kuɗin da ke cikin akwati ko a hannun amini, ranar rabon gado za a fito da su a gaban malamai. Wanda ke cikin manhaja, a wayar da ba wanda ya san lambar buɗe ta, magada na iya rasa ma sanin yana nan. In sun sani, sai an bi kotu da takardu. Mutum mai tsoron haƙƙin marayu yana auna wannan sosai, kuma ban ga kamfanin da ya ɗauki tambayar da muhimmancin da ta kamata ba.

Sirri ma na ja ta ɓangare biyu. Babban ɗan kasuwa na tsoron duk abin da ya shiga asusu hukumar haraji na gani, ko a wayi gari an rufe asusun ana bincike saboda wani da bai sani ba ya turo masa kuɗi masu matsala. Ga mata kuwa abin juyewa yake. Matar da ke sana'a a cikin gida, tana sayar da atamfa ko turaren wuta ko abincin sayarwa ta WhatsApp, asusun waya ya ba ta abin da ba ta taɓa samu ba: ta karɓi kuɗinta ba tare da ya bi ta hannun yaron aike ba, ta ajiye ba tare da kowa ya san nawa ne ba, balle a zo rance. Wani bincike da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta suka yi a yankin Tawa ta Nijar lokacin farin 2010 ya nuna matan da aka tura wa tallafi ta waya sun rage ɓata lokacin tafiya da jiran layi, abincin gidajensu kuma ya fi na waɗanda aka ba a hannu yalwar iri. Abin da ke tare mata galibi ba rashin so ba ne. Wayar ce babu, ko ta maigida ce, ko katin shaida ne babu, ko wakilin da ke kusa namiji ne a tsakiyar kasuwa inda ba za ta je ba. Duk unguwar da muka samu mace wakiliya tana aiki daga cikin gidanta, matan unguwar sun shigo da saurin da ya ba mu mamaki.

Wannan ya kawo mu ga sauƙi. Binciken 2023 na EFInA, ƙungiyar da ke nazarin shigar jama'a cikin tsarin kuɗi, ya nuna kusan kashi 26 cikin ɗari na manyan Najeriya ba sa cikin kowane tsarin kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kusa rabi. Kada ka karanta wannan a matsayin ƙiyayya. Kafin mutum ya buɗe asusu yau ana neman BVN, lambar tantance mai asusun banki wadda aka fara a 2014, ko lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma akwai ƙananan hukumomi da dama da ko reshen banki ɗaya babu. Sunan da ke katin wani ya saɓa da na layinsa, Muhammadu a nan, Mamman a can, ranar haihuwa kuma ta ƙiyasi ce, sai na'ura ta ƙi shi. Manhajojin da Turanci suke, mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta ajami tsaf sai a lissafa shi cikin marasa karatu. Dabarar da ta fi burge ni a 'yan shekarun nan mai sauƙi ce ƙwarai: mayar da lambar wayar mutum ta zama lambar asusunsa, a cire sifilin farko kawai. Ba abin haddacewa sabo. Wanda ya yi tunanin wannan ya san kasuwa.

Shekaru na da tasiri, amma ba kamar yadda ake zato ba. Dattijo ba ya son ya tsaya gaban yaransa yana lalube a waya, ya danna ba daidai ba a yi masa dariya. Girma ne yake karewa. Kuma a kasuwa mutane na kallon na gaba da su. In shugaban layi ko wani attajirin da ake ganin ƙimarsa ya ajiye na'ura a shagonsa, cikin wata guda rabin layin sun nema. Gani ya kori ji.

Game da Alhaji, lura da cewa ya riga ya shiga, ta bayan gida. Duk ranar da yaron shago ya karɓi tiransifa a madadinsa, fasahar ya yi amfani da ita, sai dai ya sa fuskar da ya sani a tsakani. Wannan tsarin ne ma ya fi ba ni tsoro, domin a idon doka kuɗin na yaron ne. In ya rasu, ko aka rufe asusunsa, ko shaiɗan ya rinjaye shi, Alhaji ba shi da takardar da zai nuna. Ta nan za ka shigo masa, cikin ladabi, ba ta maganar zamani ya canza ba. Ka nemi ya buɗe asusu da sunansa ko na kasuwancinsa a bankin da ba ya harkar ruwa, wanda ke da reshe kusa, ka kai shi ya ga manajan ido da ido ya karɓi lambarsa. A fara da ƙananan ciniki da mutanen da ya daɗe da sani. A kafa doka a shago cewa saƙon alat ba shaida ba ne, hoton rasit ma ba shaida ba ne, sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna kafin a ɗora buhu a mota. Lambar sirri ta zauna a wurinsa shi kaɗai, a rubuta sunan bankin da lambar asusun a littafin da yake rubuta basussuka saboda halin rayuwa. Kuɗin sarin ƙauye kuwa ka bar shi ya ci gaba da kai su a tsaba har ranar da manoman da yake saya a hannunsu suka fara cewa a tura musu.